Waya Mita 20 Da Sandar Fatsa: Rediyon Da Ba Ya Jiran Sabis

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauke murya ba, da waɗanda dama sun fi son karatu.

Wani ɗan uwa daga Argungu ne ya turo tambayar da za mu ɗauka yau. Yana son ya san ko akwai hanyar da mutumin Argungu zai yi magana da na Birnin Kebbi idan ruwa ya cinye hanya, sabis ya ɗauke, wuta babu. Amsa a taƙaice: akwai. Kuma babban abin da ke cikinta waya ce siririya mai tsawon mita 20, wadda za ka naɗe ka sa a aljihun riga. Amma sai mun bi a hankali, don akwai lissafi a ciki, akwai kuma doka.

Mu fara da abin da Turawa ke kira ham rediyo, ni kuma zan riƙa ce masa rediyon sha'awa. Ba gidan rediyo ba ne mai labarai da gaisuwa. Mutum ne shi kaɗai, ya yi jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, sai ya samu izinin yin magana da irinsa a wasu zangon da aka ware musu a duk duniya. Kowace ƙasa tana da harufan da lambarta ke farawa da su. Ta Nijeriya 5N ce, ta Nijar 5U. Idan ka ji mutum ya ambaci lambarsa, nan take ka san ƙasarsa. Ƙungiyarsu ta duniya tun 1925 aka kafa ta a Paris, shi ya sa kowace 18 ga Afrilu suke bikin ranarsu. Marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, lambarsa JY1. Haka Rajiv Gandhi na Indiya. A nan gida ma akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa, ana taƙaita sunanta da NARS.

To, a cikin waɗannan mutane akwai wani rukuni da suka ɗauki abin da zafi. A watan Maris na 2002 aka fara wani wasa a Ingila da Wales mai suna Summits on the Air, a taƙaice SOTA, wato magana daga ƙololuwar duwatsu. Wani mai suna John Linford ne ya kawo shawarar. Ƙa'idar ba wuya. Ka hau dutse, ƙarshen hawan da ƙafarka ba da mota ba. Duk kayanka a bayanka. Ba janareta, sai batir ko sola. Ka kafa eriya, ka yi magana da aƙalla tashoshi 4, sai a ba ka maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon tsayin dutsen. Dutsen da za a lissafa galibi sai ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da mita 150. Wanda ya tara maki 1,000 suna yi masa laƙabi da Akuyar Dutse, kuma a wurinsu wannan kirari ne babba.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu? Mu 'yan kwarin Rima ne, mutanen fadama da shinkafa. Chappal Waddi mai mita 2,419 yana can Taraba. Duwatsun Shere suna Jos. Dala da Goron Dutse suna Kano, Kufena a Zariya, Kwatarkwashi a Zamfara. Mu nan sai tsaunukan Dukku a gefen Birnin Kebbi, sai ka gangara ƙasar Zuru kafin ka ga duwatsu sosai.

Ni abin da ya ja hankalina ba makin ba ne. Mutumin da zai yi awa 3 yana hawan dutse, duk giram ɗin da ke jakarsa yana jin sa a gwiwa. Saboda haka shekara 20 da 'yan kai suna ta rage kaya, suna zubar da duk abin da ba dole ba, har eriyar da a da sai an kafa mata ƙarfe da siminti ta koma abin da bai kai kilo ɗaya ba, ana kafa ta cikin minti 10. Wannan aikin sun riga sun yi mana shi kyauta. Su nishaɗi ya kai su, mu kuwa damina ce za ta kai mu.

Ku tuna ambaliyar Satumban 2010, lokacin da ruwa ya taso daga wajen madatsar Goronyo ya bi kwarin Rima ya mamaye garuruwa a Sakkwato da Kebbi. Ku tuna 2020, yadda ruwa ya shanye gonakin shinkafa a jihar nan, ya karya gadoji, ya raba ƙauyuka da gari. Wayar da ke hannunka ba da wayar ɗan uwanka take magana kai tsaye ba. Da turken sabis take magana. Shi kuma turken yana buƙatar man dizal, da hanyar da motar man za ta bi, da wayar ƙarƙashin ƙasa wadda ba ta tsinke ba. Ɗaya ya faɗi, sai ka ga wayar dubu ɗari biyu ta koma tocila. Rediyon sha'awa kuwa daga eriyarka zuwa eriyar wancan ne, babu kowa a tsakani.

Yanzu mu shiga lissafi, kada kowa ya gudu, ba shi da wuya.

Iyayenmu da ke kama BBC Hausa da Muryar Jamus a gajeren zango sun saba jin ana cewa mita 16, mita 19, mita 25, mita 41. Wannan mita ɗin gaske ne, irin na telan unguwa. Saƙon rediyo yana tafiya kamar igiyar ruwa, kuma daga kan wannan igiya zuwa kan ta gaba akwai tsawo. Idan ka raba 300 da adadin megahaz, ka samu tsawon. Tashar da ke kan megahaz 7.3, raba 300 da 7.3, ka ga 41 ta fito. Ka ga inda mita 41 ta samo asali ke nan. Masu rediyon sha'awa a Afirka suna da wurinsu dab da nan, daga megahaz 7.0 zuwa 7.2, suna ce masa mita 40.

Ita eriya kamar tsirkiyar gurmi take. Tsawon tsirkiya shi ke yanke irin sautin da za ta bayar. Waya ma haka, tana fi amsawa idan tsawonta ya kai rabin igiyar saƙon. Ƙa'idar da kowa ke amfani da ita ita ce ka raba 143 da megahaz. A 7.1, waya mita 20 da 'yan santimita. A 14.2, mita 10. Shi ke nan. Wanda ya riƙe wannan lamba ta 143 ya riƙe rabin karatun eriya.

'Yan hawan dutse iri biyu suka fi ɗauka. Ta farko, ka raba wayar gida biyu, mita 10 nan, mita 10 can, ka haɗa wayar da ke zuwa rediyo a tsakiya, ka ɗaga tsakiyar sama, gefe biyun su gangaro kamar jinkar ɗaki. Wasu suna yanka kowane gefe gunduwa-gunduwa su sa ƙananan maƙalai, idan suna son canja zango sai su cire ko su haɗa. Tana aiki da kyau, sai dai tana buƙatar doguwar wayar haɗi da za ta hau har ƙolin sanda, kuma wannan nauyi ne.

Ta biyu ita ce na fi so mana. Waya ɗaya ce mita 20, a bakinta ake ciyar da ita. Matsalarta ɗaya: bakin wayar yana da turjiya mai yawa, wajen om 2,500, shi kuma rediyo om 50 ya sani. Kamar ka ce za ka juye durom a cikin kwalba, dole sai da mazurari. Mazurarin nan ɗan taransifoma ne da bai wuce akwatin ashana biyu ba. Zobe ne na wani baƙin sinadari da ake kira ferayit, sai a naɗa masa wayar tagulla, zagaye 2 a ɓangaren rediyo, zagaye 14 a ɓangaren eriya. 14 ya ninka 2 sau 7, kuma 7 sau 7 shi ne 49, shi ya sa ake ce masa 49 da 1. Raba 2,500 da 49, ka dawo kusa da 50. Daɗin abin, waya ɗayar nan tana aiki a megahaz 7, da 14, da 21, da 28, ba sai ka taɓa ta ba.

Sai sanda. Nan ne 'yan Argungu za su yi dariya. Abin da Baturen nan yake ɗaga eriyarsa da shi a kan dutse sandar kamun kifi ce, irin mai shiga cikin juna, mita 6 ko 7 idan an zare, in an mayar ba ta fi sandar makiyayi ba. Garin da tun 1934 yake tara duniya a Matan Fada saboda kifi, har UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016, ai ba za a koya masa riƙon kayan su ba. Abin lura ɗaya: a nemi sandar da aka yi da zaren gilas. Wadda aka yi da kabon tana ɗaukar lantarki, tana iya dagula eriyar, kuma haɗari ce kusa da wayar wuta. In babu ko ɗaya, busasshiyar gora doguwa ta wadatar. In akwai darbejiya kusa ma, ɗaura igiya a robar ruwa mai ɗan yashi, ka jefa ta kan reshe, ka ja wayarka sama.

Mu ƙirga kayan jaka. Waya mita 21, siririya mai rufin roba, irin ta lasifika ma ta yi idan ka raba ta biyu. Na ce 21 don kullum a yanka da rara, a riƙa datsewa kaɗan-kaɗan. Ɗan taransifoma. Wayar haɗi mita 3 zuwa 5. Igiyar nailan. Turaku 3, ko ƙusa 'yar inci 6. Ɗan katako ko roba da za ka naɗe wayar kada ta cukurkuɗe. Wayar tagullar naɗi tana wurin masu gyaran fanka da injin ban ruwa, sauran kuma duk akwai su a babbar kasuwar Birnin Kebbi. Abu ɗaya ne sai an yi oda, shi ne zoben ferayit, a nemi mai lamba 43. Zoben nan mai launin rawaya da fari da ake cirowa daga matattun na'urorin kwamfuta kama kawai suka yi, ba aikinsu ɗaya ba, zai yi zafi ya cinye maka ƙarfin saƙo. Akwai kuma wata 'yar na'urar awo mai suna NanoVNA, girman tafin hannu, ita ke nuna maka ko tsawon wayar ya yi daidai. Guda ɗaya ta ishi mutum goma.

Shi kansa rediyon, waɗanda 'yan dutse suka daɗe suna ɗauka irin su Yaesu FT-817 wat 5 kacal suke fitarwa. Wat 5 fa, ƙwan fitilar ɗakinka ya fi shi ci. Da shi suke tsallaka teku, musamman in da saƙon Morse ne na ɗigo da ja. Ɗan batir mai bolt 12 ya isa wuni. Shi ya sa a tsakaninsu ake cewa in kuɗinka kaɗan ne, gyara eriya kafin ka ƙara ƙarfin rediyo. Eriya mai kyau tana ƙara maka baki, tana ƙara maka kunne. Ƙarin wat baki kawai yake ƙarawa.

To, mu dawo kan tambayar ɗan uwanmu. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, idan aka ja layi miƙe, bai cika kilomita 50 ba. Hanya biyu ce.

Hanya ta farko ita ce ta tsayi. Rediyon hannu, wanda muke ce wa oba-oba, na masu lasisi yana aiki a megahaz 144 zuwa 146. Saƙon wannan zango kusan kamar ido yake, abin da ya hango shi yake kaiwa, kuma duniya a lanƙwashe take. Lissafinsa: ka nemo lambar da in ta ninka kanta za ta ba ka tsayinka a mita, sai ka ninka ta da 4. Kana tsaye a ƙasa, eriya a mita 2, ba ka wuce kilomita 6 ba. Kai 6, abokinka 6, kun haɗa 12, shi ma in babu gini da itatuwa. Ka hau mita 36, lambar 6 ce, sau 4, kilomita 24. Idan na Birnin Kebbi ya samu mita 36 sama da fadama, na Argungu ma ya samu haka, 24 da 24 sun ba da 48. Kun gani? Ba ma buƙatar Chappal Waddi. Tudu mai mita 30 da sandar fatsa mai mita 6 sun kawo mu bakin gaɓa. Kuma Allah ya taimake mu, abin da ke tsakanin garuruwan biyu kwari ne shimfiɗaɗɗe, ba wani dutse da ya tare.

A wannan zango eriyar ma ƙarama ce. 'Yar robar da ke zuwa da oba-oba ita ce mafi rauni a duk kayan. Akwai wadda ake yi da waya mai layi biyu, tsawonta wajen mita ɗaya da rabi, a rataya a kan sanda, a naɗe in an gama. Akwai kuma mai kama da ƙashin kifi, irin ta talabijin da ke kan rufin gidajenmu a da, wadda Yagi da Uda suka ƙirƙiro a Japan a 1926. Masu sha'awa suna yin ta da tef ɗin awo na kafinta guda 3 a kan bututun roba. Ka nuna ta wajen Argungu, duk ƙarfin ya tafi can.

Hanya ta biyu ita ce ta masu fadama, wadda ba ta neman tudu ko kaɗan. Can sama, daga wajen kilomita 200 zuwa 400, akwai wani rufi na iska da hasken rana ke cajawa, sunansa ayonosfiya. Shi ne yake dawo da saƙon gajeren zango ƙasa, shi ya sa kakanka yake jin Landan a ƙauye. Idan ka ɗaga wayarka ta mita 20 sama sosai, saƙon yana fita a kwance ya tafi nesa, Turai ko Amurka ta Kudu. Idan kuwa ka shimfiɗa ta ƙasa-ƙasa, mita 4 zuwa 6 daga ƙasa, sai saƙon ya miƙe sama tsaye, ya bugi rufin nan, ya zubo kamar ruwan sama a kan duk abin da ke kewaye da kai har 'yan ɗaruruwan kilomita. Argungu, Jega, Yawuri, Zuru, Kamba, Sakkwato, har Dosso da Yamai, duk suna ƙarƙashin wannan lema. Ba ruwansa da tudu, ba ruwansa da kogi. Da rana megahaz 7 ya fi yi. Da dare rufin yana yin rauni, sai a sauka zuwa 3.5, nan kuma waya mita 40 ake buƙata. Sojoji da masu agaji a duniya sun daɗe da sanin wannan dabara.

Kada ku ɗauka labari ne na takarda. A ranar 26 ga Disamban 2004 da igiyar tsunami ta afka wa tsibiran Andaman na Indiya, akwai wata mata mai suna Bharathi Prasad da tawagarta a Port Blair, sun je ne kawai don nishaɗin rediyo. Layukan waya suka mutu, sai tasharsu ta koma hanyar aika saƙon agaji da labarin waɗanda suka tsira zuwa babban yankin ƙasar. A Satumban 2024 ma, da guguwar Helene ta yanke garuruwan duwatsu a jihar North Carolina ta Amurka, wata na'urar maimaita saƙo ta masu sha'awa da ke kan dutsen Mitchell ta yi kwanaki tana haɗa mutane da 'yan uwansu. Amurka fa, mai duk abin da kuke tunani.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Saurare kyauta ne, amma aika saƙo ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar Nijeriya. Oba-oban nan na Baofeng da ake sayarwa kamar gyaɗa, sayensa bai ba ka izinin danna shi ba. Kana iya faɗawa kan zangon jami'an tsaro ko na jiragen sama ba ka sani ba. Kuma mun san halin da yankinmu ke ciki. A 2021 gwamnati da kanta ta rufe sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina da Kaduna saboda 'yan bindiga. Abin da nake koyarwa ba hanyar zagaye irin wannan umarni ba ne. Saurayin da aka gani shi kaɗai a kan tudu da rediyo da doguwar waya, kafin ya gama bayanin 143 an riga an yi masa fassara, kuma fassarar tana iya cin rai.

Shi rediyon sha'awa a fili ake yin sa. Dokarsa ta duniya ta hana ɓoye magana da wasu lambobin sirri, ta hana kasuwanci a kai, ta wajabta ka riƙa faɗin lambar kiranka. Duk mai rediyo yana jin ka. To ka bi wannan ruhin tun daga ƙasa. Lasisinka a aljihu. Ka gaida mai unguwa ko hakimin wurin, ka gaya masa abin da ya kawo ka. Ofishin 'yan sanda mafi kusa su san da kai. Ku tafi ku uku ko huɗu, da rana, ku dawo kafin la'asar sakaliya. A nisanci bariki, kuma kun san akwai na soja a wajen Dukku, a nisanci filin jirgin sama da turakun sabis. Wurin da mutanen gari suka ce kada a je, kada a je. Babu makin da ya kai ranka.

Sai haɗarin da ba na mutum ba. Ka ga hadari ya haɗo ko ka ji rugugi ko daga nesa ne, sauke sanda nan take, don mai riƙe da waya a kan tudu shi ne abin da aradu ke nema. Kafin ka jefa igiya kan itace, ɗaga kai ka duba wayar wuta. Lokacin hunturu, busasshiyar iska mai ƙura tana tara caji a doguwar waya har ta ba ka ɗan shokin, tana kuma iya lalata rediyo, don haka ka taɓa bakin wayar da ƙasa kafin ka haɗa. A bazara da zafi ke haura digiri 40, batir da rediyo su zauna a inuwa. Ƙarƙashin duwatsu kuma akwai masu gida, maciji da kunama, a sa takalmi rufaffe.

Wani zai ce me ya sa ba zan zauna a ɗaki in yi ba? Za ka iya, sai dai cikin gari cike yake da ƙara da kunne ba ya ji amma rediyo yana ji. Injin sola mai arha, cajar waya, ƙwan fitila na zamani, janareta, duk suna watsa shuuu a gajeren zango. Ka fita bayan gari kilomita 2 ko 3, sai ka ji kamar an cire maka auduga daga kunne. Wannan na cikin abin da ke kai Turawan nan kan dutse tun farko.

Gaskiyar da ta rage ita ce, kayan ba su ne masu nauyi ba. Rediyon sha'awa ba ya kiran lambar wayar mahaifiyarka. Sai akwai wani a ɗaya gefen, da nasa rediyon, ya san lokacin da za a haɗu da zangon da za a haɗu. Mutum ɗaya a Birnin Kebbi da kaya na miliyan bai amfana wa kowa komai ba. Mutum biyu, ɗaya nan ɗaya Argungu, sun zama layi. Mutum goma a ƙananan hukumomi goma sun zama abin da hukumar agajin gaggawa ta jiha da Red Cross za su iya dogara da shi ranar da ruwa ya zo. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai saba kafa eriya a watan Janairu ba, ba zai iya a cikin ruwan Satumba ba.

Shi ya sa nake kira ga ɗaliban lantarki da na kimiyyar lissafi a Kwalejin Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero. Maimakon aikin kammala karatu da za a kwafo a ajiye ya yi ƙura, ga aiki: ku naɗa taransifoma, ku auna, ku zana taswirar tuddan da ke hango juna a kwarin nan. Ku nemi malami ɗaya ya tsaya muku, makaranta ta nemi izini da sunanta, ya fi sauƙi kuma ya fi kariya. 'Yan sikawut ma suna da taron duniya ta rediyo tun 1958, yanzu ana yin sa kowane mako na uku na Oktoba, ƙofa ce a buɗe. 'Yan mata kuma kada ku ce na maza ne, kun dai ji wadda ta riƙe Andaman.

Ga aikin gida, kuma ba ya buƙatar lasisi. Ka ari rediyon baba mai gajeren zango. Ka samo waya mita 10 ko 20, ka feɗe bakinta, ka naɗa a jikin eriyar rediyon. Da yamma ka kunna a ɗaki, ka rubuta tashoshin da ka kama. Washegari a daidai wannan lokaci ka fita fili ko wani ɗan tudu da ka san lafiya lau ne, ka rataya wayar a reshe, ka sake ƙirgawa. Idan ka matsa ƙasa kaɗan da mita 41 ka ji wasu muryoyi kamar agwagwa na magana, to ka ci karo da masu sha'awa ke nan. Wani salon aika murya suke amfani da shi da ake kira SSB, sai rediyon da ke da wannan maɓalli yake fayyace shi. Mai data kuma ya nemi WebSDR na Jami'ar Twente da ke Holan a intanet, rediyo ne na gaske da za ka murɗa daga wayarka ka ji su tas.

Ku turo mana abin da kuka samu: garinku, tsawon wayar, ƙarfe nawa, tasha nawa a ɗaki, tasha nawa a fili. Idan sakamakon ya taru, za mu karanto shi, mu ga wane gefen kwarin nan ya fi kunne. Wanda kuma ya san wani dattijo da ya taɓa riƙe lambar 5N a Kebbi ko Sakkwato, ya yi masa sallama a madadinmu, ya tambaye shi ko zai yarda mu zo mu ɗauki karatu.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A tura wa wanda ya kamata ya karanta. Mu kwana lafiya.